Yadda Hannuna Ya Ɓata wa Malama Falmata Tauraro

Ku zauna, ku daina dariya. Na ji abin da kuke cewa tun ɗazu, wai aikina goge gilashi ne da ƙyalle, kowa ma zai iya. To bismillah, ga maikiroskof can a kan benci, na wani ɗakin gwajin jini ne. Wanda ya ji ya isa ya kwance shi ya mayar, mu leƙa mu ga ko hoto ɗaya zai ba mu ko biyu. Babu mai tashi? Ai na sani. Ku naku aikin na waya, ku ɓamɓare gilashin da ya fashe ku manna sabo, an gama. Ni nawa ba a manna sabo, don babu inda ake sayar da shi a garin nan. Sunana Modu, amma shekara arba'in da ɗoriya ke nan ba a kirana sai an ƙara da "mai madubi". Tun da kun tsokano ni, yau sai kun ji har da labarin wata duniya mai zafi da ban taɓa gani da idona ba, amma ta raba ni da babban kwastomana.

Aikin farko da aka ba ni madubin hangen nesa ne mai ido biyu, na wani dillalin shanu da ke hango garke da shi tun kafin a iso kasuwa. Ya faɗo daga kan mota, sai ya zama in ka leƙa saniya ɗaya ta koma biyu. Maigidana Malam Sani Bakano ne, agogo da kyamara yake gyarawa. Ni kuma daga Tsohuwar Maiduguri na fito, Hausar ma ba ta zauna a bakina ba, in na yi magana sai ya sa in maimaita don ya samu abin dariya. Ya miƙo mini madubin, ya nuna mini wayar lantarki a tsallaken titi, ya ce in na mayar da ita guda ɗaya siririya in kira shi. Kwana huɗu na yi a kai. A ciki akwai wasu gilasai masu kusurwa, kowanne da 'yan sukurorin da ke karkata shi. Ka murɗa wannan, wancan ya goce. Rana ta huɗu na kai masa, ya leƙa, ya ce waya ɗaya ce amma ta yi gashi. Ya juya sukundireba ya ƙwanƙwasa mini yatsa da bayanta.

"Modu, duk ranar da ka ga abu dishi-dishi ka wuce shi, ba ka cikin sana'ar nan."

Shekara bakwai ina shan wannan magana. Har ta kai ko a gidan biki na ga mai hoto bai saita kyamararsa daidai ba, sai in ji hannuna yana ƙaiƙayi.

Kayan aikin ba su da yawa, ga su nan a gwangwanin alawa. Ƙananan sukundireba shida, biyu daga ciki ni na wasa bakinsu da kaina. Hantsaki. Robar hura iska. Auduga a kan tsinke, da sifirit. Ba a hura gilashi da baki, yawu ne kake fesa masa, bayan wata uku funfuna ta tsiro. Ba a gogewa sai an hure, don ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta ja maka layin da har ka mutu yana nan. Sai giris. Zafin garin nan kafin damina yana narkar da na banza, ya gangara cikin gilashi, mai abu ya zo yana cewa idonsa ne ya fara mutuwa.

Akwai wani safiyo da ya kawo mini lebul ɗinsa, na'urar auna tudu da gangare, bayan an gina kwalbati da shi, ruwa ya ƙi bin hanya ya koma gidajen mutane. Kuskuren da ke cikin na'urar bai kai kaurin gashi ba, amma a taku ɗari ya zama yatsa uku. Masu duban jinjirin wata kuwa, duk shekara sai ana saura kwana biyu azumi suke tuna ni. Su zo da gudu, gilashin duk zane, don da hannun riga suke gogewa. In na yi faɗa su ce, "Ayya Baba Modu, a yi haƙuri, aikin Allah ne." In ce na sani, amma hannun rigar ba na Allah ba ne, naku ne.

Shekarar da ta fi muni ba sai na ba ku labarin abin da ya faru a garin nan ba, wasunku a bayan iyayenku mata kuka yi ta. Abin da ya shafi sana'ata shi ne, madubin hangen nesa ya zama abin tuhuma. A tsayar da kai a shingen bincike a ga mai ido biyu a jakarka, bayanin da za ka yi ba kaɗan ba ne. Akwai guda goma sha ɗaya na mutane a shagona. Na naɗe su a leda, na zuba a tulu, na binne a bayan madafa. Safiyo ba sa fita daji, masu hoto babu biki, makarantu a rufe, kafin la'asar sakaliya kowa ya shige gida. Na koma gyaran tocila da ɗaure ƙafar tabarau da waya. Da aka samu sauƙi na tono tulun. Mutum bakwai sun zo sun karɓi nasu. Huɗun ga su can a saman kanta, ina goge su duk shekara.

Bayan abubuwa sun lafa, sashen kimiyya na wata babbar makaranta ya zama babban kwastomana. Duk ƙarshen zango sai a ciko mota da maikiroskof a kawo mini. Ta hanyarsu ne Malama Falmata ta zo. Da hantsi keke mai ƙafa uku ya tsaya a ƙofar shagon nan, ita da mijinta Malam Bukar suka sauko da wani farin bututu, tsawonsa ya kai ƙirjina. Teliskof ne, irin wanda ke da madubi kamar faranti a gindinsa. Na makarantar ne, ya yi shekaru a sito. Ita malamar kimiyya ce a makarantar 'yan mata, tana neman digiri na biyu, ga 'ya'ya uku. Rufe makarantu da haihuwa sun cinye mata shekaru, an ƙara mata lokaci har ba sauran ƙari. Wannan zangon ne na ƙarshe. In ba ta kawo sakamakon bincikenta ba, za a cire sunanta.

"Wushe, Baba," ta gaishe ni da Kanuri. "An ce in kai ba ka tashe shi ba, babu mai tashinsa."

Mako biyu na yi a kansa. Madubin na wanke shi da ruwan batir da ɗigon sabulu, ina jan auduga a kai ba tare da dannawa ba. Injin da ke juya bututun yana bin tauraro, na kwance shi na sake masa giris. Sai wurin saiti, inda ake ɗaura kyamara a murɗa ta shiga ko ta fito har hoto ya fito tas. Shi ne ya fi lalacewa. Na sake masa sukurun ɗaurewa, na rataya masa kwalbar ruwa a madadin nauyin kyamara ya kwana, bai motsa ba.

Ranar da ta zo dubawa na tambaye ta ko jinjirin wata za ta nema da shi.

"A'a, Baba. Duniya zan auna."

Ta ja kujera ta yi mini bayani kamar ɗalibinta. Akwai wani tauraro can nesa, ko suna ba shi da shi sai haruffa da lambobi. Yana da duniyar da ke kewaya shi kamar yadda tamu ke kewaya rana. Girmanta ya ɗan ɗara Mushtari, babbar duniyoyin da ke kewaya ranarmu, kuma duk iskar gas ce, babu ƙasar da za a taka. Ta matsa kusa da tauraronta ƙwarai, har a kwana biyu da 'yan awoyi take gama kewaye ɗaya, shekararta ke nan. Fuska ɗaya take ba shi kullum, ɗayan ɓangaren bai taɓa ganin wayewar gari ba. Zafinta kuwa zai narkar da tukunyar alminiyam.

Na ce, "Mu ma nan a watan Afrilu saura kaɗan."

Ta yi dariya. Na ce to ta nuna mini ita in an haɗa. Ta ce ai ba a ganinta, ko da teliskof ɗin da ya fi wannan sau ɗari. Abin da ake yi shi ne a jira ta gifta ta gaban tauraron. Haskensa zai ragu da kamar kashi biyu cikin ɗari, ya yi kusan awa biyu a haka, sannan ya dawo. Ido ba ya kama wannan. Kyamara ce za ta riƙa ɗaukar hoto duk rabin minti, kwamfuta tana auna hasken.

"In na ga ya sauka ya sake hawa, Baba, na gama. Sauran rubutu ne."

Matsalar ita ce yawancin giftawar da rana take faɗawa, ko bayan tauraron ya faɗi. Wadda ta dace da farkon dare sai jifa-jifa. Damina ta cinye mata uku da hadari. Yanzu ruwa ya ɗauke, sama ta wanke, lissafinta ya ba ta wata ranar Talata.

Ta so a je Zabarmari, gonar kawunta, inda babu fitilun gari. Malam Bukar ya ce ba da matarsa ba, kuma ba da bututun da ya yi kama da abin harbi ba. Aka tsaya a kan rufin benensu a Gomari. Can ma kusa da filin jirgi ne, ba a ɗaga irin wannan abu sama haka kawai. Sai da aka je wurin Bulama, mai unguwa, shi kuma ya sanar da masu tsaro. Bulaman ya hau da kansa ana jibi, aka nuna masa ramukan da ke jikin wata, ya yi ta salati, ya sauka ya ce a yi.

Ranar Talata tun la'asar muka hau da kaya. Ni aka kira saboda injin, ko zai yi gardama. Na kafa ƙafafun teliskof ɗin, na daidaita su da arewa. Babu wuta, batirin mota ɗaya ne zai riƙe inji da kwamfuta har ƙarfe goma. Da aka kira magariba ni da Malam Bukar muka tafi masallaci, muka tsaya muka ci tuwo a ƙasa. Kafin mu hawo ta nemo tauraronta, ta ɗaura kyamara, ta saita, ta rage hasken kwamfutar ta lulluɓe ta da zane don batir ya kai. A jikin babban bututun akwai wani ƙarami mai layi biyu a gicciye. Ta nan ake leƙawa a tabbatar tauraron bai goce ba.

Aka kira isha. Malam Bukar ya tafi jam'i. Ita ta ce za ta sauka ta yi tata ta kwantar da ƙaramin ɗanta, ni in ta dawo sai in yi tawa.

"Baba, ka sa mini ido ta ƙaramin bututun kawai. Saura rabin awa ta fara shiga."

Na leƙa, tauraro yana tsakiya daram. Na zauna. Na sake leƙawa, yana nan. Sai na ce bari in ga irin hoton da madubin da na wanke yake bayarwa. Na ɗaga zanen. Kai! Abin da na gani ba tauraro ba ne. Wani zobe ne fari, ƙato, da rami baƙi a tsakiya, gefensa duk gashi. Sauran taurarin da ke allon ma duk haka. Na ce a raina, baiwar Allah, ta iya lissafi amma ba ta iya saiti ba, gaggawa ta sa ta bar shi haka. Kuma gobe a ce Modu ne ya gyara teliskof ɗin da ke ba da wannan hoto?

Ban yi shawara da kowa ba, ko da kaina. Na sassauta sukurun, na murɗa kaɗan, na jira hoto na gaba. Zoben ya tsuke. Na ƙara. A hoto na biyar ya zama ɗigo ɗaya, kamar kan allura, mai kyan gaske. Na ɗaure sukurun tam, na mayar da zanen yadda yake. Da ta hawo ta ce, "Yana nan?" Na ce yana nan. Ban faɗa mata ba don kada ta ji kunya a gaban mijinta. Na je gefe na yi sallata.

Awa biyu da rabi muka zauna. Ita tana leƙa ƙaramin bututu tana duba agogo, ba ta taɓa zanen ba saboda batir. Can ta ce yanzu ta shiga, can ta ce yanzu tana tsakiya. Malam Bukar ya kawo shayi. Wajen ƙarfe goma ta ce ta fita, ta yaye zanen.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Saitin ya zame!"

Na ce, "Ya zame kamar yaya, Malama? Ga shi tas."

"Ai shi ne matsalar, Baba. Zobe na bar shi. Da gangan na bar shi zobe."

Ta yi mana bayanin. Cikin kyamarar akwai 'yan gurabu dubbai, kowanne kamar mudu. Tauraron nan yana da haske. In aka tara haskensa a ɗigo ɗaya, mudu biyu ko uku ne za su karɓe shi duka, su cika su yi ta zuba. Mudun da ke zuba kuwa, ko an rage abin da ake ɗura masa da kashi biyu cikin ɗari, a cike za ka gan shi. Shi ya sa masu wannan aiki suke ɓata saitin da gangan, hasken ya bazu a mudu ɗari, kowanne rabi, a ga ragin. Ta bi hotunan baya. Na farkon rabin awa zobe ne. Daga nan har ƙarshe ɗigo. Duniyar ta shiga ta fita, lambar awon hasken ba ta motsa ba.

Malam Bukar ya taɓa sukurun ya ji shi a ɗaure. Ya ce to nauyin kyamarar ne ya ja shi duk da haka, tsohon kaya ne. Ta ce haka ne. Suka juyo suna dubana, ni mai gyara. A nan ne ya kamata in yi magana. Na ce, "Sai an duba." Na fara naɗe waya.

Bayan kwana biyu ta kawo mini wurin saitin a leda. Ta ce Farfesan da ke duba aikinta ya yanke magana. Tun da an ɗaure kuma ya zame, bayan an ce an gyara, to kayan ba abin dogaro ba ne. Kyamarar ita kaɗai ce a sashen, wasu ɗalibai na jiranta, ba zai sake ba da ita a ɓata dare ba. Akwai wata giftawar bayan kwana ashirin da waccan, ita ce ta ƙarshe kafin tauraron ya riƙa faɗuwa da wuri, amma ba kayan aiki.

"Ka duba mini kawai, Baba, in san abin da ya kashe ni. Da ban sauka ba, da na gani."

Na karɓa. Wallahi na rataya masa kwalbar ruwa, kamar ban san amsar ba. Na ƙara ta biyu. Kwana bakwai yana rataye a wancan ƙusar, ko kaurin gashi bai motsa ba. Ina zaune ina kallonsa. In na ce ya lalace, laifin ya tafi kan tsufan kaya, sunana ya tsira, nata a cire. In na ce lafiyarsa lau, tambaya ta gaba ita ce to wa ya murɗa, kuma mutum ɗaya ne a kan rufin. Kunya ce ta riƙe ni kwana bakwai ɗin nan, ba wani abu ba.

Rana ta takwas na sa babbar riga, na ɗauki abin, na tafi babbar makarantar. Na sa aka kira Malama Falmata. Farfesan mutum ne marar yawan magana, mun yi shekaru yana sa hannu a takardar aikina. Na ajiye masa a tebur.

"Ranka ya daɗe, wannan lafiyarsa ƙalau. Bai zame ba. Ni na murɗa shi."

Ya cire tabarau. "Wa ya ce ka murɗa?"

"Babu."

"Ka san abin da ake aunawa?"

"A lokacin ban sani ba. Na ga dishi-dishi ne."

"To da ta yi bayani a daren, ka sani?"

"Na sani."

"Me ya hana ka faɗa?"

Ya ɗauki abin ya jujjuya, ya ja da ƙarfi, ya ga ba ya motsi. Ya ce wa Malama Falmata ta ɗauki kyamarar na dare ɗaya. Ni kuma ya ce, "Malam Modu, kada ƙafarka ta hau rufin nan." Na ce na ji. Ƙarshen wannan zangon motar maikiroskof ba ta zo ba, kuma ba ta sake zuwa ba har yau. Wani suke kai wa a Kano.

Da muka fito ta tsaya a baranda. Ba ta ɗaga murya ba.

"Baba, murɗawar ba ta dame ni ba. Kwana tara ina tsine wa kaina don na sauka sallah na bar shi. Kana gani."

Na ce haka ne. Ta wuce.

Ranar giftawar ƙarshen ta zo. Ba wanda ya gayyace ni. Na je bayan magariba na samu Malam Bukar a ƙofar gida, na ce ba hawa zan yi ba, amma in injin ya tsaya a leƙo a faɗa mini, zan faɗi abin da za a yi daga nan ƙasa. Ya sa aka shimfiɗa mini tabarma a tsakar gida, gindin matakala. Ta zo wucewa da kwamfuta a hannu, ta ce, "Sannu, Baba," ba ta tsaya ba.

Wannan karon giftawar za ta fara da wuri, amma tauraron ya riga ya karkata yamma, kuma a yammacin gidan akwai wata doguwar bishiyar maina ta maƙwabta da ta zarce benen. Malam Bukar ya ce mini lissafinta ya nuna tsakanin fitar duniyar da shigar tauraron cikin ganye bai fi minti ashirin ba. Saukar hasken kaɗai ba ta wadatar, don siririn gajimare ma yana rage haske. Sai an ga ya dawo a lokacin da aka ce zai dawo. Sun aro batir na biyu, allon a buɗe zai kwana.

Na yi isha a kan tabarmar. Daga inda nake ba na ganin komai sai bakin rufi da kan bishiyar. Ina jin ƙarar injin siririya, da kunnena nake bin sa, na san lafiyarsa. Wajen bakwai da rabi na ji ta ce wa mijinta, "Ya fara sauka." Aka kawo mini shayi ya huce a gabana. Takwas ta wuce. Takwas da rabi. Iska ta ɗan taso, kan mainar yana kaɗawa, na ji Malam Bukar yana cewa reshen nan fa ya kusa. Ƙarfe tara saura na ji takunta da sauri zuwa bakin rufin. Ta leƙo, fitilar tsakar gida ta haske fuskarta.

"Baba! Baba Modu! Ya fara hawa! Yana dawowa!"

Na miƙe ban san na miƙe ba. Na ɗaga murya yadda duk layin suka ji, na ce, "To kada wanda ya taɓa komai!"

Ta fashe da dariya har da riƙe bango. Ta koma. Bayan kamar rabin awa ta sake leƙowa ta ce ya dawo daidai inda ya taso, tauraron ma yanzu ya shiga ganye, an gama.

"Hawo ka gani, Baba. Farfesa ba ya nan."

Na ce a'a, Malama, an ce kada in hau. Na naɗe musu tabarmarsu, na jingine ta a bango, na fita neman keke.